Ranar da Malam Birki Ya Yi Shiru

Shekararsa goma sha huɗu yana koyar da tuƙi, kuma a cikin shekarun nan sunansa na yanka ya ɓace. Ɗalibai ne suka fara laƙaba masa Malam Birki, don ita ce kalmar da ta fi fita daga bakinsa, kuma ba a hankali take fita ba. Daga nan mai gadin makarantar ya ɗauka, mai facin taya na bakin titi ya ɗauka, har Oga mai makarantar ma abin da yake rubutawa ke nan a allon jadawali. Shi kuwa ko a jikinsa. Yakan ce gara a ce Malam Birki da a ce marigayi.

Makarantar ba wata babba ba ce. Ofis ne mai ɗaki ɗaya, sai filin koyon ribas da aka jera wa tsofaffin tayoyi, sai motoci biyu farare masu jan harafi gaba da baya. Da malamai biyu ne, sai ɗayan ya samu aikin tuƙa motar wani kamfani ya tafi. Oga ya ce kafin wata ya ƙare zai nemo wani. An yi wata bakwai ana jiran wannan watan. Ɗaliban wancan malamin duk suka dawo kan Malam Birki, jadawalinsa ya tashi daga mutum shida a rana zuwa goma, kowa awa guda, daga bakwai na safe har biyar na yamma. Wannan na fita wancan na shiga, kujerar direba ko hucewa ba ta yi. Abincin ranarsa burodi ne da yake gutsura in an tsaya a danja, da shayi mai kauri a filas, kofi biyar ko shida kafin la'asar.

Wanda bai taɓa zama kusa da ɗan koyo ba, ba zai gane aikin nan ba. Jiki dai a zaune yake. Amma ido na kan madubi uku a lokaci guda, hannu ɗaya na shawagi kusa da sitiyari, ƙafa na rataye a kan birkin da aka ƙara a gefen malami. Awa goma mutum na jiran haɗarin da bai faru ba. In ya faru an ce malami ne, in bai faru ba babu mai cewa sannu.

Tun wata na uku jikinsa ya fara ƙorafi. Da safe yakan tashi muƙamuƙinsa a ƙage, ƙeyarsa na sara. In ya dawo gida ba ya son ko ƙarar cokali a faranti. Matarsa malamar firamare ce, 'yan aji uku take koyarwa, yara arba'in da biyu, shi ya sa kowa Malama yake ce mata. Ita ta fara yi masa magana.

"Baban Auta, jiya ma sai da ka yi ta cizon haƙora a barci. Kamar mai tauna tsakuwa."

"Gajiya ce."

"Gajiyar da ba ta ƙarewa? Ka je a duba ka mana."

"Da wane lokacin? In ce wa ɗalibai su koya wa kansu?"

Abin da bai faɗa mata ba, kuma bai faɗa wa kowa ba, shi ne wani lokaci ƙirjinsa yakan ɗaure na ɗan lokaci ya saki. Mahaifinsa yana da shekara arba'in da shida ya dafe ƙirji a bakin shagonsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Shi kuwa yanzu arba'in da biyar gare shi. Tsoron zuwa asibitin yake, kada a faɗa masa abin da yake zato.

A cikin ɗalibansa akwai wata dattijuwa da suke kira Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya, mai shekara hamsin da takwas. Ba sha'awa ce ta kawo ta ba. Mijinta ne ya samu shanyewar ɓarin jiki, sau biyu a mako ake kai shi asibiti a yi masa gashin jiki, ga motarsu a gida an lulluɓe ta da tamfol, 'ya'yansu duk suna nesa. Ta gaji da roƙon maƙwabta. Ta yi darasi goma sha ɗaya, amma har yanzu in ta zo tashi daga tsayuwa sai motar ta yi tsalle ta mutu. Da Malam Birki ya hango ta tana shigowa da jakarta a hammata, sai ya ji ƙeyarsa ta ƙara nauyi.

Ranar wata Talata ita ce ta takwas a jadawali, ƙarfe biyu na rana. Rabonsa da wani abu tun ɓarin burodin safe. Suka fita daga fili lafiya, suka bi titin bayan kasuwa lafiya, har suka iso babban shataletale. A bakin shigarsa ta tsaya ta ba wata bas hanya. Da ta zo tashi, mota ta mutu.

"Kuloci, Hajiya! A hankali ake sakin sa!"

Ta murɗa makulli. Mota ta tashi, ta yi tsalle, ta sake mutuwa. A bayansu wata tifa ta danna hon kamar za ta tsaga kunne, masu babur suna kutsowa ta hagu da dama, wani ya daki bayan motar da tafin hannu ya wuce yana zagi.

"Sau nawa zan faɗa miki abu ɗaya? Wai ke kurma ce?"

Maganar na fita ya san ya yi ɓaramɓarama, don matar ta kusa haihuwarsa. Amma bai samu damar gyarawa ba. Wani abu ya kama ƙirjinsa ya matse kamar an ɗaure shi da igiya. Zuciyarsa ta shiga dukan uku-uku, yatsunsa suka yi sanyi kamar ana tsira musu allura, ya ja numfashi ya ji bai wuce maƙogwaro ba. Gumi ya karyo masa. A ransa ya ce, shi ke nan, mutuwa ta zo.

A karo na uku Hajiya ta samu motar ta tafi. Ta zagaya shataletalen a giya ɗaya, injin na kuka, ta fita ta hanyar farko da ta gani. Shirun da ta ji ne ya sa ta waiwaya.

"Malam? Subhanallahi! Malam, mene ne?"

"Tsaya... gefe," ya ce, da wata ƙaramar murya da ba ta san shi da ita ba.

Ta tsaya, taya ɗaya a kan dakalin titi. Ta fita ta ɗaga wa tasi hannu, ta farko cike, ta biyu ko kallonta ba ta yi ba. Ta leƙo ta gan shi ya dafe ƙirji, rigarsa ta jiƙe. Asibitin da take kai mijinta bai fi tafiyar minti biyar daga nan ba, kuma ta san hanyar kamar tafin hannunta, ko da yake kullum daga kujerar baya take ganin ta. Ta dawo ta zauna, ta ja bel ta ɗaura.

Ya so ya ce mata ba za ta iya ba. Babu numfashin faɗa.

Hajiya ta riƙe sitiyari da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta fara yi wa kanta magana a hankali kamar mai lallashin jika. "Kuloci ƙasa. Giya ɗaya. Madubi. To, 'yar nan, saki kaɗan-kaɗan. Yawwa. Ƙara totur." Motar ta zame ta hau titi ba ko gargada. Ta sa giya biyu, ba ta ƙara ba. Masu keke ma wuce su suke yi. A danjar farko ta tsaya, ta tashi, mota ba ta mutu ba. A ta biyu ma haka. Wani mai ƙaramar mota ya bi ta da hon, ta ce, "Ka yi ta yi, ɗana, ni dai ba da kai nake ba." Malam Birki na jingine, ido rabi a buɗe, ƙafarsa na kan birkinsa, amma har suka shiga ƙofar asibiti bai taka ba. Ta yi fakin a karkace, ta cinye wurin mota biyu, ta fita tana ƙwala wa nas kira.

Aka ɗora shi a keken marasa lafiya aka shiga da shi. Aka cire masa riga, aka manna masa wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta fitar da doguwar takarda mai zane-zane. Aka auna jininsa, aka ɗebi wani a sirinji. Kafin a gama wannan ma matsin ya fara sassautawa, amma tsoron bai tafi ba. Yana kwance yana kallon silin, yana lissafa shekarun Auta, wadda ko firamare ba ta gama ba.

Hajiya ce ta ɗauki wayarsa ta kira Malama, ta kira Oga. Ta zauna a benci har Malama ta iso, da ƙurar alli a hannun rigarta da jan biro a hannu, ta manta ba ta ajiye ba. Sannan Hajiya ta damƙa mata makullin motar ta ce ita za ta koma, ta bar maigida shi kaɗai da maƙwabciya.

Sai da aka jira awa uku aka sake ɗibar jinin. Daf da magariba likitar ta shigo, mace ce mai tabarau, sa'arsa ko ta ɗan girme shi. Ta ja kujera ta zauna, ta buɗe takardun a cinyarta.

"Malam, duk gwajin da muka yi, na farko da na biyu, babu wanda ya nuna ciwon zuciya. Zanen bugunta lafiya lau yake. Jininka ya ɗan hau, wannan za mu bi shi mu gani. Amma abin da kake tsoro, ba shi ba ne."

Ya dube ta. "Likita, ki sake faɗa."

Ta sake faɗa. Sai ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Kafaɗunsa suka sauka, ya ja numfashi ya ji ya kai har ciki. Ya fara dariya, dariyar ta juye ta zama hawaye, ya sa bayan hannu yana sharewa yana jin kunya. Malama ta riƙe ɗayan hannun tana ta alhamdulillahi ba ƙaƙƙautawa.

"To me ya same ni ke nan? Wallahi na ɗauka tafiya ce."

"Da yawa haka suke ɗauka, kuma daidai ne da aka kawo ka. Bari in tambaye ka. Me ka ci yau?"

"Burodi, da safe."

"Shayi fa?"

"Kofi... huɗu."

"Shida," in ji Malama. "Ni nake cika filas ɗin."

Likita ta tambaye shi aikinsa, ya faɗa. Ta tambayi awa nawa, ya faɗa. Ta tambaye shi yaushe rabon da ya zauna minti goma a tsakiyar rana ba ya tsaron komai. Ya ce ba zai iya tunawa ba. Ta tambayi barcinsa, Malama ta amsa masa.

"Motocin naku kuna kai su sabis?"

"Duk wata."

"Kai fa?"

Ya yi murmushin wanda aka kama.

"Jikin mutum, in ya ga haɗari, yakan ɗaura ɗamara," in ji ta. "Zuciya ta ƙara gudu, tsoka ta ɗaure, numfashi ya gajarta. In haɗarin ya wuce sai ya kwance. Naka jikin ya ɗaura tun wata bakwai, ba ka ba shi damar kwancewa ba. Ga yunwa, ga shayi, ga ƙarancin barci. Yau ya ce ya gaji. An ce jiki ya fi kunne ji."

Ba ta rubuta masa wani dogon magani ba. Ta ce ya huta kwana uku. In ya koma, ya samu ko minti goma ne tsakanin ɗalibi da ɗalibi, ya fito daga motar ya taka ƙasa. Ya ci abincin rana a zaune kamar ɗan Adam. Shayi ya rage, kada ya wuce azahar. Da yamma ya ɗan yi tattaki. Ta nuna masa yadda zai ja numfashi ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake shi a hankali yana ƙirga shida, ta sa ya yi a gabanta sau biyar.

"Ka dawo bayan mako biyu mu sake auna jinin. Kuma ka ji ni da kyau: in ƙirjin ya sake kamawa, kada ka zauna ka ce ai damuwa ce. Ka zo mu duba. Gara ka zo sau goma a ce ba komai."

Washegari da hantsi, yara sun tafi makaranta, Malama ta ɗauki uzuri ta zauna da shi. Suna falo, taga a buɗe, tana yankan farce. Sai ya tsinci kansa yana ba ta labarin da ya ɓoye: yadda ƙirjin ya daɗe yana yi masa haka, da yadda duk ranar da ya tuna shekarun mahaifinsa sai gabansa ya faɗi.

Ta ajiye abin yankan farcen. "Wata nawa kana ɗauke da wannan kai kaɗai?"

"Ban so in ɗaga miki hankali ba."

"To ai ga shi ka kwantar min da shi. Ina tsakiyar darasi aka kira ni aka ce kana asibiti. Ban san yadda na tsallaka titi ba. Baban Auta, ni matarka ce, ba ɗalibarka ba. Ba sai ka riƙe min birki ba. In abu ya dame ka, faɗa min. In ba ni da magani, ai ina da kunne."

"Ke yaya kike yi? Yara arba'in da biyu, ban taɓa jin kin dawo murya a dishe ba."

"Wa ya ce maka? Akwai ranar da nake ji kamar in haɗa su duka in sayar." Ta yi dariya. "Amma in an tashi tara, ni da malamar aji huɗu muna zama a bayan ofis, mu ci abin da muka kawo, mu yi gulmar hedimasta minti goma sha biyar. In na koma aji sai in ga yaran ma sun yi kyau."

Da yamma babbar 'yarsu, wadda ƙannenta ke kira Yaya, ta kawo masa ruwa ta tsaya tana murza yatsu. Shekararta goma sha biyar. Ya ce ta zauna.

"Baba, da gaske ba ciwon zuciya ba ne?"

"Da gaske. Likita ta ce gajiya ce da damuwa."

"Mu ne muke damun ka?"

Tambayar ta soke shi. "Wa ya ce miki haka?"

"Ba kowa. Kawai in mun ji ƙarar ƙofa muna kashe talabijin. Auta ma ta iya, ita ce mai gadi, tana leƙawa ta taga."

Ya ce ba su ba ne, bai taɓa zama su ba, shi ne yake shigo da titi cikin gida. Ya ce ta kira ƙannenta su raka shi tattaki, likita ta ba shi aiki. Suka zagaya unguwa su huɗu, Auta na gaba tana ba shi umarni, wai ya sa sigina kafin ya sha kwana.

Abin da ya fi yi masa nauyi shi ne tunkarar Oga. Oga tsohon direban tirela ne, ƙato, mai murya kamar ganga, kuma shi ya ɗauki Malam Birki aiki lokacin da ba shi da komai. A shekara goma sha huɗu bai taɓa ce masa a'a ba. Ranar Juma'a da safe ya shiga ofis, ya tarar da shi a gaban allon jadawali da maka ta rubutun allo a hannu. Suka gaisa, Oga ya yi masa ya jiki, ya ce ai ya tsorata su.

"Oga, magana ce da ni." Ya ja numfashin da likita ta koya masa, ya sake. "Ba zan iya mutum goma ba kuma. Bakwai zan iya. Ina son minti goma tsakanin kowane ɗalibi, da rabin awa in ci abinci in yi salla a natse."

Ya tsaya yana jiran tsawa. Oga ya rufe makar, ya zauna a gefen tebur, tebur ya yi ƙara.

"Shi ke nan maganar?"

"Shi ke nan."

"To me ya hana ka faɗa tuntuni? Kullum na ƙara maka mutum sai ka ce ba damuwa, Oga. Ni kuma na ɗauka ba damuwar. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo." Ya shafa ƙeya. "Ni ma da laifina. Na ga aiki na tafiya, sai na yi sanyi wajen neman malamin. Kuma tunda an zo nan, bari in faɗa maka: mutum uku sun zo sun ce min ihunka ya yi yawa. Akwai ma wadda ba ta sake dawowa ba. Na rasa ta inda zan fara yi maka magana."

Malam Birki ya sunkuyar da kai. Ba daɗi ya ji ba, amma ya san gaskiya ce.

Ba bakwai ya samu ba. Oga ya ce takwas, har a samu sabon malami, shi kuma zai riƙa ɗaukar biyu da kansa a ɗayar motar, in tumbinsa ya yarda ya shiga bayan birki. Minti goman da rabin awar kuwa nan take ya goge allo ya zana su da jan maka. Malam Birki ya fito daga ofis yana mamakin yadda abin da ya yi wata bakwai yana tsoro ya ƙare a minti biyar.

Talatar da ta biyo baya Hajiya ta zo da jakarta a hammata. Yana tsaye a jikin mota yana jiran ta, ya ci abinci, ya wanke fuska. Kafin ta shiga ya ce, "Hajiya, ki yafe min. Maganar da na faɗa miki ba ta dace ba. Kuma na gode. Ban san da bakin da zan gode miki ba."

"Allah ya yafe mana duka. Ya jikin?"

"Da sauƙi sosai."

Ta zauna, ta gyara kujera, ta gyara madubi. Ba ta murɗa makulli ba tukuna. "Malam, ka san me ya sa motar nan ba ta mutu ba ranar?"

"Tsoro ne ya ba ki ƙarfi."

"A'a. Shiru ka yi. Duk abin da ka koya min yana kaina, amma da ka ɗaga murya sai ya watse kamar an jefa dutse cikin kaji." Ta juyo ta dube shi sosai. "Bari in gaya maka wani abu. Tun da asuba nake kan maigida. In ɗaga shi, in wanke shi, in ba shi abinci a baki, in yi masa motsa hannun da aka ce. Ba na ƙorafi, ya yi min abin da ya fi haka. Amma awa ɗayan nan da nake zuwa nan, ita kaɗai ce tawa a rana. Har kwalliya nake yi mata. To in na zo ita ma aka cika ta da ihu, ina zan sa kaina?"

Bai taɓa tunanin haka ba. A wurinsa ita ce ta takwas a allo.

"Daga yau," ya ce, "ke za ki riƙa faɗa wa kanki, kamar yadda kika yi ranar. Ni sai in kin tambaya, ko in na ga haɗari."

"To madalla. Amma fa ba ni da sauri."

"Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe," ta ƙarasa, suka yi dariya. A ranar sau ɗaya motar ta mutu mata, a kan gangara. Ya ji kalmar ta taso masa har maƙogwaro. Ya haɗiye ta, ya ja numfashi, ya ƙirga. Kafin ya kai shida ta tayar da abarta ta wuce.

Ba a rana ɗaya ya canja ba. Mako biyu bayan nan wani ɗalibi, ma'aikacin banki mai ji da kansa, ya nufi bayan wata motar ɗaukar marasa lafiya yana kallon wayarsa, Malam Birki ya taka birki ya kuma zazzaga masa ihun da sai da masu tafiya a ƙasa suka waiwayo. Wannan karon bai ba da haƙuri ba, don mutumin ya cancanta. Amma da suka dawo ya fita ya zagaya filin tayoyi sau uku, ya sha ruwa, ya tsaya ya yi hira da mai gadi kan ƙwallon jiya, sannan ya kira na gaba. Akwai kuma ranakun da ɗalibi kan makara ya cinye masa minti goman, ranakun da yake komawa gida da ciwon ƙeya. Sai dai yanzu ya san abin da yake ji, yana da sunansa, kuma in ya shiga gida yakan ce wa Malama, "Yau an sha wuya," ta ce, "Zauna ka ba ni labari." Da ya koma asibiti jinin ya sauko kaɗan. Likita ta ce a ci gaba a haka, a sake gani bayan wata.

Sabon malamin ya zo a wata na biyu, wani tsohon direban motar makaranta mai sanyin hali. Jadawali ya koma mutum bakwai.

Wata Alhamis da rana hadari ya haɗo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ɗalibar ƙarfe uku saura minti goma ta bugo waya ta ce ba za ta iya fitowa ba, layinsu ya cika da ruwa. Malam Birki yana zaune a cikin mota a filin koyo, waya a hannu. Ya buɗe lambar ɗalibin ƙarfe huɗu, da niyyar ce masa ya zo da wuri a cike gurbin. Ya daɗe yana kallon lambar. Sai ya fasa kiran, ya kwantar da kujerarsa baya, ya cire takalmi, ya miƙe ƙafafu. Ruwa na dukan rufin mota, gilashi ya yi hazo, tayoyin filin sun cika da ruwa har baki. Ya kira Malama.

Bugu ɗaya ta ɗauka. "Lafiya? Me ya faru?"

"Lafiya lau. Ba abin da ya faru."

"To me ya sa ka kira da tsakar rana? Ka tsinka min zuciya."

"Ɗaliba ce ba ta zo ba. Na ce bari in ji muryarki."

Ta kwashe da dariya. "Ikon Allah. Ashe da rabon in ga wannan rana. Mu ma ruwa ya tsare mu a makaranta, rabin yaran iyayensu ba su zo ba tukuna, ga su nan na sa su waƙa. Kana ji?"

Yana ji. Muryoyi ashirin, kowacce da inda ta nufa.

"Tunda kana da lokaci," in ji ta, "in ka tashi ka biya ka sayo mana ƙwan fitila, na kicin ya mutu tun shekaranjiya. Fari, ba ja ba."

"Fari. An gama, ranki ya daɗe."

Ya ajiye wayar a kan ƙirjinsa. Saura minti arba'in da bakwai kafin ƙarfe huɗu. Ya sa ƙararrawar waya, ya lumshe ido.